Hutun Waya na Ɗan Lokaci: Wace Hanya Ce Ta Dace da Mazaunin Kano?

Shawarar “kashe wayarka ka huta” tana da daɗin faɗa, amma a Kano wanda ya gwada ta ba shiri yakan kunna kafin la'asar. Dalili a fili yake. A wayar nan kuɗin ciniki ke shigowa, a cikinta mai sayar da atamfa daga ɗakinta take baje kaya, ta nan makarantar yara ke turo sanarwa, ta nan ake jin rasuwa da ɗaurin aure. Duk da haka ido na yaji, barci ya ragu, mutum ya idar da sallah hannunsa ya riga tasbihi zuwa aljihu.

Abu biyu ne suka cakuɗe a na'ura ɗaya. Akwai abin da ke ɗaure mutum da wayar, wato kira da harkar kuɗi. Akwai kuma abin da ke cinye masa lokaci, wato intanet da shafar gilashi ba ƙaƙƙautawa. Hanyoyi biyar da ke ƙasa sun bambanta ne wajen yadda kowacce ke raba waɗannan biyun, kuma a nan ne zaɓin yake.

Abin da za a auna kowace hanya da shi

Na farko kuɗi: abin da za ka kashe, da wanda za ka rasa idan abokin ciniki ya neme ka bai samu ba. Na biyu ɗorewa, kuma fuska biyu gare ta: shin za ka iya kai hutun ƙarshe, sannan shin wani abu zai saura bayan ka koma? Na uku sauƙin shiri. Na huɗu kasada, musamman ta asusun banki da ta saƙon gaggawa daga gida.

Kafin komai, duba lissafin da wayar ke ajiyewa a kanka. A Android ka shiga setin ka nemi Digital Wellbeing, a iPhone kuma Screen Time. Za ka ga awannin kowace rana, manhajar da ta fi ci, da adadin buɗe wayar da ka yi. Wanda ya ga TikTok ne ke cin awa uku daga sha ɗaya na dare ciwonsa daban, wanda kuma yake buɗe WhatsApp sau ɗari da wani abu a wuni nasa daban, maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Hanya ta 1: Sa wa manhajoji iyaka a cikin wayar

Google da Apple duk sun fito da wannan tsari a 2018, kuma yawancin wayoyin Tecno, Infinix, itel da Samsung na yanzu suna da shi. Za ka ware wa kowace manhaja mintoci, in sun cika ta dushe ta ƙi buɗuwa sai sha biyun dare ta wuce. Akwai kuma mayar da fuskar wayar fari da baƙi, da kashe sanarwar duk abin da ba kira ba.

Ko kwabo ba za ka kashe ba, shirin minti goma ne, kasada babu. Idan aka kiyaye iyakar tana da amfani: a 2018 Jami'ar Pennsylvania a Amurka ta gwada ɗalibai 143, aka taƙaita wa wasunsu Facebook, Instagram da Snapchat zuwa minti goma kowanne a rana har mako uku, aka ga kaɗaici da damuwa sun ragu.

Inda take faɗuwa shi ne wajen kiyayewar. Kai ka kulle, kuma mabuɗin yana hannunka, an ba kura ajiyar nama ke nan. A iPhone, da lokaci ya cika wayar da kanta za ta tambaye ka ko a ƙara maka minti ɗaya, ko sha biyar, ko a yafe na yau gaba ɗaya. A Android dannawa biyu ta isa ka goge iyakar. Gyaran da ake yi wa iPhone shi ne a sa lambar sirri mai lamba huɗu ta Screen Time, amma matarka ko yayanka ne zai sa, kai kada ka sani. In ba haka ba, a lissafa wannan hanya a matsayin tunatarwa kawai.

Hanya ta 2: Dokar dare, daga Isha'i zuwa bayan Asuba

Wannan hutun awa tara ko goma ne a kullum. Waya za ta kwana a falo ko a wurin caji, ba a kan katifa ba. Abin da za ka saya shi ne ƙaramin agogo mai ƙararrawa, ko da yake a unguwannin cikin birni lasifikar masallaci ta ɗauke wa mutane da yawa wannan nauyi. Ka tanadi tocila daban, domin “bari in haska” ita ce ƙofar da ake komawa wayar ta cikinta idan an ɗauke wuta. Mai karatun Alƙur'ani a manhaja ya koma bugun takarda na wannan lokaci, haka littafin azkar.

Hujjarta ta lafiya tana da ƙarfi. Hasken gilashi da dare yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin da ke shirya jiki ga barci. A wani gwaji da aka buga a 2015 daga wani asibitin koyarwa na Jami'ar Harvard, waɗanda suka yi karatu a na'ura mai haske na awa huɗu kafin kwanciya sun ƙara kusan minti goma kafin barci ya ɗauke su, sun kuma tashi da nauyin jiki, idan aka kwatanta da daren da suka karanta littafin takarda. Minti goma ba yawa, amma babbar ɓarnar ba ta hasken ba ce, ta bidiyon da ke jawo wani bidiyo ce har ƙarfe biyu.

Maƙiyinta na farko garaɓasar datar dare, wadda arharta ke sa ɗalibi ya ce zai sauke darasi ya ƙare a kallon barkwanci. Mai son wannan hanya ya daina sayen ta, in kuwa dole ne, ya jera abin da zai sauke ya bar wayar tana yi ita kaɗai a falo. Kasadarta ɗaya ce, kiran tsakar dare daga iyaye ko maras lafiya. Maganin shi ne a kunna Do Not Disturb, tsarin da ke hana wayar ƙara, a ware lambobin da za su iya shigowa, a kuma bar zaɓin da ke ƙyale kira na biyu daga lamba ɗaya ya shigo idan an maimaita shi cikin 'yan mintoci. Ƙarar ta kasance a sama yadda za a ji daga ɗaki.

A wajen ɗorewa babu wadda ta kama ƙafarta, domin ba ta taɓa lokacin neman abinci ko kaɗan.

Hanya ta 3: Yanke data, a bar kira da tes

Nan wayar tana aljihunka, amma ba intanet. Mafi sauƙi shi ne ka daidaita hutun da ƙarewar datarka. Danna *323# ka ga abin da ya saura da ranar ƙarewa, ka soke sabuntawa ta kai-tsaye, ka kashe data a setin. In ka manta ka bar ta a kunne bayan ta ƙare, a wasu tsare-tsaren katin kiranka ne zai riƙa tafiya. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, wannan ce hanyar da take mayar maka da kuɗi aljihu maimakon ta cire.

An gwada irin wannan a wani bincike da aka buga a 2025. Mutum 467 suka amince a toshe intanet a wayoyinsu na mako biyu, kira da tes suna aiki. An samu ci gaba a natsuwa da walwala da iya mayar da hankali. Sai dai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai suka riƙe toshewar yadda aka nema. Wannan adadi na biyu ya fi na farko amfani ga mai zaɓi: hanyar tana aiki, riƙe ta ne wuya.

A Kano ɓarakar ta kan fito ta wuri uku: Wi-Fi na ofis ko na gida da wayar ke kamawa da kanta, abokin majalisa da zai ce “zo in jona maka”, da rancen data da *303# ke bayarwa cikin daƙiƙa biyar. Ka sa wayar ta manta da duk Wi-Fi da ta sani kafin ka fara.

Wasu sukan tsaya a tsakiya, su cire manhajojin da ke cin lokaci su bar ta banki. Wannan ma daidai ne, amma a san bambancin cirewa da dakatarwa da gogewa. Cire manhaja daga waya ba ya taɓa asusunka, sai dai WhatsApp: in ba ka adana hirarrakinka a Google Drive ko iCloud ba, za ka iya rasa su. Dakatar da Facebook yana ɓoye shafinka har ka dawo, amma shafin kasuwancin da kai kaɗai ke kula da shi shi ma zai ɓoye, don haka ka ƙara wani amintacce kafin ka danna. A X (Twitter a da) kuwa, asusun da aka dakatar ya wuce kwana 30 ba a koma ba ya tafi ke nan. Don hutun mako ɗaya ko biyu, cirewa ta wadatar, babu dalilin taɓa asusun.

Saƙonnin WhatsApp da aka turo maka kana hutu suna jira har kwana 30. Sitatus ne kaɗai ke wucewa bayan awa 24, kuma da wuya a samu wanda ya yi asara don bai gani ba.

Hanya ta 4: Mayar da layi kan ƙaramar waya

Wannan ce ta fi raba abubuwan nan biyu rabuwa ta gaske, ita ce kuma ta fi buƙatar shiri, don haka za a daɗe a kanta.

'Yar ƙaramar waya mai madannai, wadda ake tsokana da rakani-kashi, tana nan birjik a Farm Centre da titin Beirut: itel, Tecno, Nokia 105 da ire-irensu. Farashi yana motsi da dala, amma sabuwa ba ta kai kusa da kuɗin babbar waya mafi arha ba, kuma gidaje da yawa akwai tsohuwa a durowa. Cajinta kan yi kwanaki, tana da tocila da rediyo, ka ji labarai da shirye-shiryen tashoshin FM na gari ba tare da kallon komai ba. Wajen saye, a gwada ta a gaban mai shago: a sa layi a kira, a ji lasifika, a duba batirin bai kumbura ba. Jabun Nokia sun yi yawa, alamarsu rashin nauyi da rubutun madannai da ke gogewa da wuri. A guji mai ɗauke da Facebook ko burauza, domin an dawo gidan jiya.

Matsalar farko girman layi. Babbar waya tana amfani da mafi ƙanƙantar yanka, ƙananan wayoyi da yawa kuma suna son babba ko matsakaici. Ana buƙatar gidan layi na roba, wanda ke zuwa da katin tun farko, masu gyara ma suna sayarwa. Kada a taɓa zura gidan babu layi a ciki, yakan maƙale ya karya ƙafafun da ke karanta katin. Wanda layinsa na eSIM ne, wato layin da aka saita a cikin wayar ba tare da kati ba, ba shi da abin cirewa. Shi sai ya sa wani layin a ƙaramar wayar ya karkatar da kira: a babbar wayar ya danna **21* sai lambar ƙaramar wayar sai #, in ya gama hutu ya danna ##21# ya soke. Karkatarwar tana cin katin layin da aka karkatar, kuma tes ba ya bin ta.

Matsala ta biyu lambobin mutane. Yawancinsu suna cikin asusun Google ne, ba kan layi ba, kuma layi ba ya ɗaukar fiye da kimanin 250. Ba ka buƙatar duka. Zaɓi talatin ko arba'in da ba makawa, ka kwafa su kan layin tun da dare.

Ta uku kuɗi. Ana turawa da duba asusu ta lambobin USSD, waɗanda ake dannawa kamar kira ba sai da intanet ba: *737# na GTBank, *894# na First Bank, *901# na Access, *919# na UBA, *966# na Zenith. Dole layin da aka yi rajistar asusun da shi ne zai kasance a wayar, kuma dole ka yi rajistar tsarin ka gwada shi kafin ranar, ba a bakin shagon mai shinkafa ba. Kowane zama ana cajin naira 6.98, iyakar abin da za a tura a rana ta fi ta manhaja ƙanƙanta, kuma zaman yakan yanke idan ka yi jinkirin danna lamba. Ɗan kasuwar da ke biyan dila a Kwari ko Singa da miliyoyi ba zai iya da wannan ba, sai ya biya manyan kuɗi kafin hutu ko ya ware musu lokaci.

Babbar kasadar mai karɓar kuɗi ita ce alat na bogi. A ƙaramar waya tes ne kawai shaidarka, kuma tes ana ƙirƙirar sa. Ƙa'idar ita ce kaya ba sa fita sai ka duba ragowar asusu ta USSD ka ga ya ƙaru, ko injin POS na shago ya nuna.

Sai tsaron layin kansa. Ƙwacen waya ba baƙon abu ba ne a garin nan, kuma a nan ƙaramar waya tana da riba biyu: ba ta jan ido a cikin a-daidaita-sahu, in ma ta tafi asarar kaɗan ce. Amma ɓarawo na yanzu layin yake nema, domin da shi zai laluba asusu. Ka sa wa layin lambar sirri ta PIN. Kuskure uku zai kulle shi sai da lambar PUK da ke jikin katin da ya zo da shi, kuskure goma a PUK kuwa layin ya mutu, don haka ka nemo katin kafin ka fara, ko ka kira 300. Ka kuma rubuta lambar toshe asusu ta bankinka a takarda, irin *919*911# na UBA ko *966*911# na Zenith, waɗanda ake dannawa daga kowace waya.

Ina babbar wayar za ta zauna? In ta zauna a gefen gado, da Wi-Fi a gida, ba a yi komai ba, domin WhatsApp yana ci gaba da aiki ko babu layi a ciki. A kashe ta a sa a durowa mai mukulli, ko a ba wani a gidan. Mai kasuwanci ta intanet tana da zaɓi biyu. Ko ta sa saƙon “ba na kusa, a kira wannan lamba” a WhatsApp Business, wanda ba ya fita sai wayar tana kunne kuma tana da data, ko ta jona asusun a wayar ƙanwarta ta riƙa amsawa. Na biyun yana nufin ƙanwar za ta ga duk hirarrakin, kuma jonin yakan yanke da kansa idan babbar wayar ta wuce kwana 14 ba a yi amfani da ita ba.

Wanda ya yi wannan shiri sau ɗaya, na gaba minti biyar ne. Shi ya sa ta fi dacewa da hutun kwana uku zuwa mako guda, da kuma maimaitawa duk ƙarshen mako.

Hanya ta 5: Ajiye komai na awa 24

Babu waya, babu talabijin, babu kwamfuta. Ita ce ta fi ba da hutu mai zurfi, ita ce kuma ta fi saurin gushewa in ba a bi ta da wata hanyar ba. Akwai dalilin da ya sa ake cewa wayar ta bar ɗakin gaba ɗaya: binciken Jami'ar Texas na 2017 ya nuna waɗanda wayarsu ke wani ɗaki sun fi waɗanda tasu ke kife a kan tebur ƙoƙari a gwajin tunani, ko da ba ta yi ƙara ba.

Lokacin da ya fi dacewa ga ma'aikaci shi ne daga magaribar Juma'a zuwa magaribar Asabar. Asabar ɗin ƙarshen wata ta fi, tunda tsaftar muhalli ta riga ta zaunar da kowa a gida daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. A ciri tsabar kuɗi wurin mai POS tun ranar Alhamis. A gaya wa iyaye baki da baki: “Hajiya, gobe wayata a kashe take, in da wani abu a kira ta maman yara.” Wannan jimla ɗaya ita ke hana a tayar da yaro a babur ya zo duba lafiya. A rubuta lambobi biyar a takarda, a haɗa da lambar gaggawa ta 112.

Awanni huɗu na farko su ne masu wuya. Hannu zai riƙa lalubar aljihu, wani ma ya ji kamar cinyarsa na rawa alhali babu waya. Wanda bai tsara abin yi ba a nan yake karaya. Garin kuwa bai rasa abin yi ba: hawan Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, lungunan Kurmi, kai yara gidan zu, ko zama a Laburaren Murtala Muhammad. Wanda ya fi duka arha shi ne zumuncin da aka daɗe ana biya da saƙon murya, a je a gaida gwaggo a zauna har a ci tuwo.

Masu hali sukan so su haɗa da barin gari, ƙauyensu ko wajen Tiga, madatsar da aka kammala a 1974, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Canjin wuri yana taimakawa ƙwarai, amma kuɗin mota da masauki sun mayar da ita mafi tsada, kuma hawa titi babu waya ko ɗaya ganganci ne. A tafi da ƙarama, a kashe ta in an isa, a dawo da rana. Masu shiga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi sun riga sun san darasin nan: wanda ya shiga da babbar waya, rabinsa yana waje.

Ranar dawowa ma tana da nata shiri. Kafin ka kunna data, kashe saukar hotuna da bidiyo ta kai-tsaye a WhatsApp, in ba haka ba guruf-guruf na dangi da na tsofaffin ɗalibai za su lashe datar cikin minti kaɗan. Fara da kiran da ka rasa, sai banki, sai saƙonnin mutum ɗaya-ɗaya. Guruf su zo ƙarshe, kuma wannan ce damar rufe bakin waɗanda ka ga ba ka yi kewarsu ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | Sauƙin shiri | Ɗorewa | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|
| Iyaka a manhaja | Babu | Minti 10 | Rauni, sai wani ya riƙe lambar sirri | Babu |
| Dokar dare | Agogo da tocila | Mai sauƙi | Mafi ƙarfi | Rasa kiran dare in ba a saita ba |
| Yanke data | Ana ma rage kashewa | Mai sauƙi | Matsakaiciya | Rasa sanarwar guruf |
| Ƙaramar waya | Kuɗin wayar, da cajin USSD | Shirin yini guda a karon farko | Mai ƙarfi | Alat na bogi, satar layi |
| Ajiye komai | Babu a gida, da tsada in da tafiya | Sai an sanar da mutane | Gajeriya | Gaggawar gida |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce?

Wanda kukansa barci ne, yana makara Asuba ko yana gyangyaɗi a ofis, ya ɗauki dokar dare ya yi mako biyu kafin ya yi tunanin wani abu. Sau da yawa ita kaɗai ta isa.

Ɗan kasuwa mai shago, wanda cinikinsa kira ne da alat, ƙaramar waya ce tasa, da sharaɗin injin POS ko yaron shago ya riƙe tabbatar da shigar kuɗi. Babbar wayar ta fito sau ɗaya a rana, misali bayan la'asar na rabin awa, a tura hotunan kaya a biya dila a mayar da ita.

Mai sayar da kaya ta sitatus da Instagram ba za ta iya yanke data mako guda ba, wannan rufe shago ne. Ita ta haɗa dokar dare da rana ɗaya a mako da ta sanar wa kwastomominta tun farko cewa ba ta amsa saƙo. Masu saye sukan saba da ranar hutu in an tsayar da ita, abin da ba sa yafewa shi ne shiru ba sanarwa.

Ɗalibin BUK ko na wata makaranta da jarrabawa ta matso, ya sauke duk takardun da yake buƙata, ya buga masu muhimmanci a takarda, ya koma ƙaramar waya. Ya roƙi wakilin aji ko aboki ɗaya ya riƙa kiransa in an sauya lokaci ko ɗakin jarrabawa, domin wannan ce kaɗai sanarwar guruf da rashinta ke da tsada.

Wanda aikinsa a gaban kwamfuta yake, ido ne ke ciwo ba zuciya ba, hutun mako ba zai warkar da shi ba. Nasa hutun gajere ne mai yawa: duk minti 20 ya ɗaga kai ya dubi abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ya riƙa ƙifta ido da gangan, musamman a hunturu da iska ke busar da ido. In ciwon kai ko dishi-dishi ya ci gaba, a je a auna idon.

Wanda rigimar siyasa ko muhawarar malamai a Facebook ke hana shi sukuni, ya cire manhajar da X na mako guda ya bar sauran. Labarin da ya kai a ji, rediyo zai kawo shi.

Mai jinyar tsoho ko mai mata da cikinta ya tsufa kada ya kusanci hanya ta biyar. Yanke data ko ƙaramar waya ne nasa, layi a buɗe dare da rana.

Magidancin da yake so gidan duka ya huta, ya fara da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban gilashi, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Dokar ba ta kama yaro in yana ganin Baba da waya a kan tabarmar cin abinci. A sa kwano ɗaya a falo, daga magariba zuwa bayan cin tuwo wayar kowa a ciki take, har da ta maigida, a bar ƙarama ɗaya a kunne saboda kiran gaggawa.